An gano 'yata tana da cutar siliyak, likita ya hana ta alkama: me zan riƙa dafa mata?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Sati uku ke nan da aka tabbatar 'yata mai shekara 9 tana da cutar siliyak, bayan gwajin jini da ɗan naman da aka ɗebo daga hanjinta. Likita ya ce ta bar alkama da duk abin da ke da gulutin, wato sinadarin da ke sa ƙullun alkama danƙo, har iya rayuwa. Na daina ba ta burodi da taliya da indomi, amma har yanzu cikinta yana kumbura, wani lokacin har da gudawa. Tuwon semo yana cikin abin da aka hana? In ta ɗan ci kaɗan ranar biki akwai illa? Kuma me zan riƙa zuba mata a kular makaranta? Don Allah masu sani a taimaka.

Malam Na-Gwale:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Semo alkama ce, a ajiye shi daga yau. Fulawa ma alkama ce da aka cire wa dusa. A nan mutane da yawa suke rikicewa, domin a kasuwa ana sayar da garin alkama daban, fulawa daban, semo daban, sai a ɗauka abubuwa uku ne, alhali tsaba ɗaya ce. Saboda haka gurasa, alkubus, funkaso, fanke, cincin, dubulan, alkaki, dashishi, kuskus na kwali, makaroni, biskit, kek, samosa, mitfai, duk sun fita. Bayan alkama akwai sha'ir, wanda ya fi shigo mana ta lemukan malt da wasu garin shayi, sai wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai.

Maganar ɗan kaɗan ranar biki, a'a. Cikin ƙaramin hanji akwai wasu 'yan tsirai kamar gashin tawul, su ne suke tsotse amfanin abinci su kai jini. Mai siliyak in gulutin ya shiga, garkuwar jikinsa ce take far wa waɗannan tsirai har su kwanta, hanjin ya zama sumul. Shi ya sa yaro yake ci amma ba ya ƙiba, jininsa yana ƙasa, tsayinsa ya tsaya. Wannan ɓarnar tana faruwa ko ciki ya yi ciwo ko bai yi ba, don haka kada a ce ai ta ci jiya kuma ba abin da ya same ta.

Ga lissafin. Abin da ake ganin yawancin masu cutar za su iya ɗauka a rana ba tare da illa ba bai wuce miligiram 10 na gulutin ba, kuma an ga miligiram 50 a kullum yana lalata hanji cikin wata uku. Miligiram 10 ɗin nan yana cikin fulawar da za ki ɗauka da yatsu biyu. Yankan burodi ɗaya kuwa yana ɗauke da kusan giram 2, wato ya ninka haddin sau 200. Ƙa'idar duniya kafin a rubuta cewa abinci ba shi da gulutin ita ce kada ya wuce miligiram 20 a kilo ɗaya. Wanda ya ci rabin kilo na irin wannan abincin a yini ya tsaya daidai kan miligiram 10.

Abin farin ciki, abincinmu na asali ba na alkama ba ne. Gero, maiwa, dawa, masara, shinkafa, acca, iburu, tamba, rogo, doya, dankali, makani, wake, gurjiya, gyaɗa, riɗi, waken suya, nama, kifi, ƙwai, ganye da 'ya'yan itace duk babu gulutin a cikinsu. Tuwon shinkafa da miyar taushe, tuwon dawa da miyar kuka, faten tsaki, dambun masara, alale, ƙosai, fura, koko, duk nata ne, muddin an kiyaye hanyar da aka bi aka haɗa su.

Anti Binta Mai Girki:
Maman Ilham, sannu da jinya. Abin da Malam ya rufe da shi, wato hanyar haɗawa, ina zargin nan matsalar take. Fara da injin niƙa. Injin unguwa guda ne yake niƙa alkamar wannan gida da masarar wancan, kuma ragowar gari yana maƙalewa a bakin injin da tsakanin faifansa. Garin masararki zai fito da alkamar wanda ya riga ki. Garin da ake aunawa a kasuwa ya fi haɗari, don ba ki san inda aka niƙa shi ba, mudu ɗaya kuma yake shiga kowane buhu.

Ki sayi tsaba, ki baza a faranti ki tsince, don ƙwayar alkama takan faɗa cikin dawa da shinkafar gida. Ki surfa, ki wanke sau biyu ko uku, ki shanya a kan tsaftataccen zani. Niƙan kuma a gida: ƙaramin injin busasshen niƙa, ko turmi da taɓarya da ba a taɓa daka alkama a ciki ba. In dole sai an kai waje, a nemi mai injin da ba ya karɓar alkama sam. Wasu suna fara zuba mudu ɗaya na masara ya wanke injin, a ba sauran 'yan gida wannan, a ɗebi na biyu. Yana ragewa, amma ban yarda a dogara da shi ga yarinyar da hanjinta bai warke ba. Markaɗen wake da na shinkafa ya fi sauƙi, bilenda ta gida ta isa.

A kicin ki ware mata rariya, muciya, ludayin katako, katakon yanka da madambaci. Rariya ba ta wankuwa daga fulawa, katako da ƙwarya kuma suna riƙe ƙullu a tsagarsu. Tukunyar ƙarfe, faranti da cokali ba sai an sayi sababbi ba, sabulu da ruwa da soso mai tsabta sun wadatar. Ki sani wuta ba ta kashe gulutin, ba ƙwayar cuta ba ce, wanki ne kawai yake fitar da shi. Ranar da za a tankaɗe fulawa ko a yi kwaɓin cincin, a dafa nata tun farko a rufe, domin garin yana tashi ya sauka kan komai. Ruwan da aka tafasa taliya kada a dafa mata komai da shi, kwandon tace taliya ma kada a tace mata shinkafa. Bota ko man gyaɗa na shafawa da wuƙar burodi ta shiga, ya zama na sauran yara. Sai cin abinci a kwano ɗaya: in ana cin tuwon semo, hannun da ya yanko loma ya koma miya ya riga ya ɓata miyar. A zuba mata tata tun daga tukunya.

Na waje kuwa, ƙosai da awara ba su da alkama a kansu, amma sau da yawa mai ɗaya ake soya su da fanke. Masu wainar sayarwa da yawa suna zuba fulawa don ta yi auki. Ɗanwaken yanzu rabinsa ko fiye fulawa ne. Wasu suna ɗaure kunun gyaɗa da ita. Tsire ana yanka shi a allo ɗaya da gurasa, mai shayi kuma kasko ɗaya yake soya ƙwai da indomi.

Ɗanwake ba fulawa: garin wake gwangwani 2, garin alabo gwangwani 2, garin dawa gwangwani 1, kuka cokali 3 na cin abinci, sai ruwan kanwa da aka jiƙa aka tace. Ki kwaɓa ya yi danƙo, ba ruwa-ruwa ba, ki bar shi minti 10 kuka ta kama. Sai ruwa ya tafasa sosai za ki fara jefawa, in sun taso sama ki ƙara musu minti 10 zuwa 15. In ya narke a tukunya, ko ruwan bai tafasa ba ko kuka ta yi kaɗan. In ya yi tauri, wake ya yi yawa, ƙara alabo. In ya yi ɗaci da duhu, kanwa ce ta zarce.

Waina ba ta buƙatar fulawa ko kaɗan. Shinkafar tuwo gwangwani 4, ki jiƙa uku da rabi ta kwana, ki dafa rabin gwangwanin ya yi luguf, ki haɗa ki markaɗa da albasa. Yis ƙaramin cokali 2, sukari cokali 2, ki rufe a wuri mai ɗumi awa 4 zuwa 6. Dafaffiyar shinkafar nan ce take riƙe ƙullun. Wainar da take wargajewa a tanda, yawanci ita aka rage ko ruwa ya yi yawa. Don makaranta: waina da ƙuli, alalen gwangwani, dankali da ƙwai, dafa-duka, dambun shinkafa da zogale, soyayyar doya, gyaɗa, dabino, ayaba, gugguru na gida. Ki je da kanki ki yi wa malamar ajinsu bayani, saboda musayar biskit da yara suke yi lokacin tara.

Maman Ilham:
Innalillahi. Garin tuwonmu duk a injin bakin layi ake niƙa shi, kuma ɗanwake saye nake yi. Na gode Anti. To magi fa? Kuma na lura ko madara ta sha cikin yana ƙugi.

Yaya Sani Famasi:
Hajiya, dunƙulen magi sai an karanta bayan kwalin, domin wasu kamfanoni suna sa fulawa ko sitacin alkama, wasu ba sa sawa, kuma kamfani ɗaya yakan canja haɗi. A karanta duk lokacin saye, ba sau ɗaya ba. Kalmomin da za ki nema a kayan Najeriya da Gana: wheat, barley, rye, malt, semolina, durum. A kayan da suka zo ta Nijar ko Kamaru: blé, froment, orge, seigle, semoule. In an rubuta malt ba a faɗi na wane hatsi ba, ki ɗauka na sha'ir ne. Daddawar kalwa, albasa, tafarnuwa, citta, busasshen kifi da gishiri suna ɗaukar nauyin miya in an rasa dunƙule mai tabbas. A duba kori da garin yaji na leda, soya sos, sosej, bekin foda da hatsin karin kumallo na kwali. Ots, wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kunu da shi, shi kansa yawancin masu cutar suna jure shi, amma ana noma shi ana sarrafa shi tare da alkama, sai wanda aka rubuta ba shi da gulutin, shi ma da izinin likita. Magunguna kaɗan ne ake haɗa su da sitacin alkama, amma a tambayi mai famasi ya duba takardar cikin kwali, kada a dakatar da magani a kan zato.

Madara kuwa, sinadarin da yake narkar da sukarin madara a kan waɗancan tsiran hanji ake yin sa. Da suka kwanta sai ya yi ƙaranci, madara ta wuce ba ta narke ba, ta kawo iska da gudawa. Galibi na ɗan lokaci ne. A rage madara na wasu makonni, a gwada kindirmo ko yogot kaɗan-kaɗan, sun fi sauƙin narkewa, sannan a dawo da madarar a hankali yayin da hanji yake warkewa. Kada a bar ta babu kalsiyam a wannan tsakanin: kunun tamba yana da kyau ƙwarai, giram 100 na tamba yana da kusan miligiram 340, ga riɗi, ga ƙananan kifi da ake ci da ƙaya.

Sati uku bai kai a yanke ƙauna ba. Yara da yawa suna jin sauƙi cikin makonni kaɗan bayan an toshe duk kafofin, amma gwajin jinin nan na gano siliyak da ake kira tTG yakan ɗauki wata 6 zuwa 12 kafin ya sauko, wani ma fiye. Shi za a maimaita a gane ko gulutin yana ci gaba da satar hanya. A roƙi likita ya duba yawan jini, sinadarin ƙarfe, folik asid, bitamin B12 da D, a riƙa auna tsayi da nauyi duk zuwa. Fulawar da ake sayarwa a Najeriya ana ƙara mata sinadarin ƙarfe da bitamin, wanda ya bar ta sai ya cike gurbin da hanta, nama, wake, zogale da alayyahu. In an rubuta mata maganin ƙarin jini kada ta sha da shayi ko madara, suna hana shi shiga jiki, lemon zaƙi yana taimaka masa. In ta fara yawan shan ruwa da yawan fitsari, ko kasala mai tsanani, a koma asibiti da wuri, don siliyak yakan zo tare da ciwon sukari nau'i na ɗaya ko ciwon maƙoƙo.

Malam Na-Gwale:
Ƙari a kan na Yaya Sani: ke da mahaifinta da 'yan uwanta na ciki ɗaya ku yi gwajin, ko ba wanda yake jin komai. Cikin makusanta irin waɗannan kusan mutum 1 cikin 10 yana da cutar, alhali a sauran jama'a kusan 1 ne cikin 100. Masu cewa ciwon Turawa ne su sani a sansanonin 'yan gudun hijirar Saharawi da ke Tinduf a Aljeriya an samu fiye da kashi 5 cikin 100 na yaran da aka gwada suna da shi. Sai dai kada sauran yaran su daina cin alkama kafin a ɗebi jininsu. Wanda ya bar gulutin kafin gwaji, sakamakonsa zai iya fitowa lafiya lau alhali cutar tana nan, sai an mayar da shi kan alkama na makonni a sake. Ilham ta koma kan sabon abincinta yau, su kuma su ci gaba da burodinsu a faranti daban har a gama gwajin.