Zama a gidan Jamusawa ga mai jin Turanci: waɗanda suka taɓa yi su ba mu labari

Anti daga Kaduna:
Assalamu alaikum. Ɗiyar yayata mai shekara 22 ta samu iyalin da za su karɓe ta a Jamus ƙarƙashin tsarin au pair, inda matashi ke zama a gidan wasu yana taimaka musu da kula da yara, su kuma su ba shi ɗaki da abinci da kuɗin kashewa. Ta ci jarrabawar Jamusanci ta matakin farko, wato A1, a Cibiyar Goethe da ke Legas, amma abin da ta iya bai wuce gaisuwa da ƙirga ba, Turanci ne madogararta. Sharuɗɗan da ke takarda mun karanta su: aikin awa 30 a mako, Yuro 280 a wata, zaman da ba zai wuce shekara guda ba. Abin da muke nema shi ne wanda takarda ba ta faɗa ba, wato yadda zaman yake daga wayewar gari zuwa dare.

Tsohuwar au pair, ƙauye kusa da Münster:
Wa alaikumus salam, Anti. Na yi irin wannan zama, kuma abin da zan fara faɗa shi ne Turanci zai isar da ita ga iyayen gidan, amma ba zai isar da ita ga yaran ba, alhali da yaran za ta wuni. Matar gidan da mijinta sun iya Turanci sosai, sai dai yaransu biyu, ɗaya ɗan shekara uku ɗaya 'yar shida, ba su san ko kalma ɗaya ba, kuma yaron da ke kuka a bakin ƙofar makarantar renon yara ba zai jira a duba ƙamus ba. A wajen cin abinci ma akan fara hira da Turanci domin a girmama ni, amma da zarar maganar ta yi daɗi ko gardama ta tashi sai kowa ya koma harshensa ba tare da ya lura ba, ni kuwa in zauna ina bin fuskoki da kallo. Ba wulaƙanci ba ne, gidansu ne, kuma mutum ba ya iya raha da fushi da harshen aro kullum. Da na ga haka sai na roƙi matar gidan ta daina yi mini Turanci lokacin karin kumallo, na kuma shiga ajin yamma a makarantar koyar da manya ta garin, wadda suke kira Volkshochschule, iyalin suna biyan wani kaso na kuɗin kamar yadda tsarin ya tanada. Daga lokacin ne na fara jin ni 'yar gida ce.

Abu na biyu, Anti, ki ja mata kunne a kan kawaici. Mu an tarbiyyantar da mu a kan cewa idan an yi wa mutum tayin abinci sai ya ce ya ƙoshi, mai gida ya matsa, sannan ya ci. A can sau ɗaya ake tayi, idan ta ce a'a za a ɗauka gaskiya ta faɗa a kwashe kwanuka, kuma na ga 'yan mata da dama sun kwana da yunwa saboda wannan. Abincin dare a gidan da na zauna ƙarfe shida ake ci, kuma ba a ɗora tukunya: baƙin burodi ne mai tsami da aka yayyanka, da man shanu, da cuku, da kokwamba, da yankakken nama mai sanyi, kowa da ɗan katakonsa a gabansa maimakon faranti. Yawancin wannan nama na alade ne. Tun ranar farko na faɗa musu ƙarara cewa ba na ci, matar ta ware mini layi guda a cikin firji, ta kuma koya mini karanta bayan leda, domin hatta alawar yara mai danƙo sau da yawa da sinadarin alade ake yin ta. Ba ta taɓa jin haushin wannan ba. Abin da ke ɓata mata rai shi ne ta gano wani abu yana damuna ban faɗa ba.

Malam ɗalibi, Stuttgart:
Hajiya, ni ba au pair na yi ba, ɗaki na kama haya a saman benen wasu dattawa mata da miji lokacin da nake karatun digiri na biyu, amma kicin ɗaya muke amfani da shi. Ina so in ƙara a kan abin da 'yar'uwa ta faɗa cewa kada a ɗauka kowane Bajamushe yana jin Turanci. Matasa a manyan birane suna ji, amma dattijon nan nawa kaɗan ya sani, kuma a yankin tsohuwar Jamus ta Gabas tsofaffi Rashanci aka koya musu a makaranta kafin haɗewar ƙasar a 1990. Bugu da ƙari, Jamusancin da ake yi a gida a yankin Stuttgart karin harshen Shwaben ne, wanda ya sha bamban da na littafi.

Ofisoshi kuwa da Jamusanci suke aiki. Doka ta ce duk wanda ya tare a gida sai ya yi rajistar adireshinsa a ofishin gari cikin mako biyu, da takardar shaida daga mai gidan, kuma bayan nan wasiƙu za su yi ta zuwa daga inshorar lafiya da banki da ofishin kula da baƙi. Kada ta ajiye wasiƙa ba ta buɗe ba, ta kai wa masu gidan su karanta mata a ranar, domin kusan kowace tana ɗauke da wa'adi.

Cikin gida kuma shara ce babban darasi. Takarda da kwali mazubinsu daban, leda da gwangwani daban, ɓawon kayan miya da ragowar abinci daban, kwalabe kuma a kai su manyan akwatunan unguwa a raba su bisa launi. Robar ruwa ba a yar da ita, ana mayar da ita kanti a karɓi rubu'in Yuro. A yankinmu akwai al'adar karɓa-karɓar sharar matakala da bakin titi mako-mako, da ɗan allo da ake rataye wa a ƙofar wanda layi ya zo kansa. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke in ban da gidajen burodi da na tashoshin jirgi, ba a kunna injin yanke ciyawa, kuma daga ƙarfe goma na dare ba a son hayaniya. Dattijon yakan hau ɗakina cikin tsananin sanyi ya kashe na'urar ɗumama ɗaki, ya wangale taga na 'yan mintuna, ya nuna mini kusurwar bango inda fumfuna ke fitowa idan iska ba ta shiga ba. Yana maganarsa kai tsaye babu kwana-kwana, amma shi ne ya kwana tare da ni a asibiti ranar da zazzaɓi ya kayar da ni.

'Yar Zangon Kumasi, jihar Bavariya:
Mama, ni batun ibada zan taɓa. Iyalin da suka sauke ni lokacin da na fara koyon aikin jinya suna da kare a cikin gida, na nemi kada ya shiga ɗakina saboda salla, suka amince nan take. Ta tafi da butarta, domin ba za ta same ta a banɗakinsu ba, kuma ta goge ƙasa bayan alwala. Lokutan salla suna sauyawa ƙwarai: a Disamba magariba takan yi wajen ƙarfe huɗu da 'yan mintuna, a Yuni kuwa sai bayan tara na dare. Duhun hunturu da shirun gidan su suka fi yi mini nauyi, domin kowa yana rufe ƙofar ɗakinsa, babu maƙwabciyar da za ta yi sallama ba tare da an sa rana ba. Idan masu gidan suka gayyace ta yawon ƙafa ko shan gahawa da kek da yammacin Lahadi, ta bi su, a nan ne suke sakin jiki.

Wata 'yar'uwa, Kolon:
Anti, ba kowane gida ne mai daɗi ba, kuma ya kamata a faɗa. Iyalina na farko sun mayar da ni malamar Turanci kuma mai aikin gida, suka hana ni yi wa yaran Jamusanci, awannin aikina suka zarce abin da aka rubuta, har ajina na riƙa rasawa. Na riƙa rubuta awannin kowace rana a littafi, na nuna musu, da abin bai sauya ba na ba da sanarwar mako biyu kamar yadda yarjejeniyar ta ba ni dama, na koma wani gida bayan na sanar da ofishin kula da baƙi. Fasfonta ya kasance a hannunta koyaushe, kuma ta san tana da hutun mako huɗu idan za ta cika shekara.

Game da tsaraba, kada a sa mata kilishi ko dambun nama a jaka, domin Tarayyar Turai ta hana matafiya shiga da nama da kayan madara daga waje, za a ƙwace a filin jirgi. Yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa za su yi mata amfani. Doya da manja da garin rogo ana samunsu a shagunan 'yan Afirka na manyan birane, naman halal kuma a wajen mahautan Turkawa. Idan za ta yi musu dafa-duka ta rage attaruhu sosai, ta ajiye yajin a gefe ga mai so.