Baƙi na tambayata giyar da ta dace da abincinsu, ni kuwa ban taɓa sha ba

Ɗan Damagaram: Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Ina aiki a wani gidan abinci a Logroño, arewacin Sifen. Tun zuwana wanke-wanke nake yi a kicin, sai mai kai abinci tebur ya bar aiki, maigida ya ce in maye gurbinsa. Albashin ya ɗan fi, kuma da wannan kwantiragin zan sabunta takardun zama. Mahaifiyata na jinya a gida, ƙannena suna makaranta, kowa ni yake kallo. To garin nan shi ne babban birnin yankin Rioja, kusan kowane baƙo sai ya tambaya wace jar giyar inabi ce za ta shiga da abin da zai ci. Jiya wani ya ce in gaya masa bambancin Crianza da Reserva, na yi tsuru-tsuru a gaban maigida. Me zan riƙa cewa?

Kawu Bala, Madrid: Ƙanena, ba sai ka ɗanɗana ba, haddacewa ake yi. Yawancin jar Rioja da inabin Tempranillo ake yin ta. Crianza shekara 2 take yi a ajiye, aƙalla 1 a gangar katako. Reserva 3, Gran Reserva 5. Crianza tana da ƙamshin 'ya'yan itace da ɗan tsami, tana shiga da kusan komai. Reserva kuwa katakon ya ratsa ta, ƙamshin vanila ya fito. Dukkansu suna da bauri irin na goro, baurin ne ke yanke maiƙo, shi ya sa ake haɗa su da haƙarƙarin ɗan rago da ake gasawa a garwashin rassan inabi, ko da cukun Manchego. Mai cin kifi ka ce masa farar Albariño. Ja kuma kada sanyinta ya kai na firji, a ba da ita a digiri 16 zuwa 18.

Maman Hanifa: Subhanallah. Kawu, darasi kake ba shi? Hadisi ya la'anci mai sha da mai ɗauka da mai zubawa. Ɗana, ka roƙi maigidan ya mayar da kai kicin.

Ɗan Damagaram: Hajiya, wallahi abin na damuna, amma an riga an ɗauki wani a kicin ɗin. Kuma ni ba na sha.

Sani, Almería: Ka riƙe aikinka. Ni tumatir na yi ta tsinka a rumfunan leda, zafi kamar ka suma, ƙarshe mai gonar ya cinye min kuɗin wata biyu don ya san ba ni da takarda. Masu cewa ka bari ba su za su biya maka haya ba. Af, Kawu, a inda na taɓa aiki jar giyar yankin Ribera del Duero ake ba mai cin rago, ba ta Rioja ba.

Kawu Bala, Madrid: A Aranda de Duero, wani gari a yankin Ribera ɗin, e, da gasasshen ɗan ragonsu. A Logroño in ka ambaci Ribera, maigidan ne zai fara hararar ka. Ka bi abin da na faɗa maka kawai.

Maman Hanifa: Sani, arziki na Allah ne. Mijina ya bar aiki a otal saboda wannan, ba mu mutu ba.

Ɗan Damagaram: Na gode duka. Barin aiki yanzu dai ba zai yiwu ba, sai takardu sun fito. In na faɗi sunan giyar, abokin aikina ya kawo ya zuba, ya hukuncin yake? Akwai wanda ya san malami a nan kusa?