Kabewa ta fito min a bayan kicin, ban shuka ba, in bari ko in tuge?

Uwargida daga Kano:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu shuke-shuke a gida ku ba ni shawara. Akwai wani lungu a bayan kicin ɗinmu inda nake watsa ruwan wanke-wanke da ɓawon kayan miya, to da ruwa ya sauka sai ga wani abu ya tsiro mai faffaɗan ganye da ƙaiƙayi, maigidan ya ce kabewa ce. Sai na tuna kafin damina na sayo kabewa a Yankaba na yi miyar taushe, 'ya'yan nan na zubar. Yanzu wallahi ta cinye rabin tsakar gida har ta kama igiyar shanya, kullum da safe fure ruwan ɗorawa gwanin sha'awa amma da rana ta take sai ya yanƙwane ya faɗi, ko ɗa ɗaya ban gani ba. Shi kuma ya matsa a tuge wai tana tara mana sauro.

Manomi daga Bichi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki yarda a tuge, ki ba Alhaji haƙuri. Gyauro ne, kuma gyauron kabewa a kan juji sau da yawa ya fi wadda aka shuka ƙarfi, don ita kabewa cin taki ne da ita. Zubar furen nan ba ciwo ba ne. Fure iri biyu take yi a jiki ɗaya, namiji da mace, kuma namijin ne ke fara fitowa da yawa. Shi kararsa doguwa ce siririya, aikinsa na safiya ɗaya ne sai ya faɗi. Ki ɗaga ganye ki bi yaɗon can wajen bakinsa, za ki ga wani furen da ɗan ƙulli kore a gindinsa, wannan ce macen, ƙullin nan shi ke zama kabewa. Ki ƙara mata lokaci.

Malamar makaranta daga Zariya:
Gaskiyar Baba ne, amma ni tawa ko da macen ta fito ba ta tsira ba. Ɗan ƙullin sai ya yi rawaya ya ruɓe ya faɗi, haka ya yi ta yi. Ashe rashin ƙudan zuma ne, unguwarmu kowa na fesa maganin sauro ga shi ko'ina an shafe da siminti. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta nuna min yadda ake yi. Bayan sallar asuba gari na wayewa ki tsinko furen namiji wanda ya buɗe a safiyar, ki yaye ganyen furen ki bar tsinken tsakiya mai garin rawaya, za ki ga yana manne miki a yatsa, sai ki goga shi a hankali a tsakiyar furen macen ta ko'ina. Dole da sassafe, in hantsi ya dubi ludayi ya fara rufewa, kuma gobe ba zai sake buɗewa ba. Cikin kwanaki kaɗan za ki ga ƙullin yana kumbura maimakon ya yi rawaya. Ni har yarana sun mayar da abin wasa, rige-rige suke wa zai fara gano mace.

Wani daga Maraɗi:
Hajiya kin yi sa'a taki hurenta ɗorawa ne. Mu bara wani abu ya hito bakin darni, iyali suka yi ta ba shi ruwa ana ta lissahin miya, ya hau ya luluɓe rumfa, da ya tashi hure sai ga shi hwari tas kuma da marece yake buɗewa. Duma ne. Ba mu yi asara ba dai, mun samu ludaya da ƴan ƙorai. Duk wanda abu ya hito mai ya jira hure kahin ya sa rai.

Uwargida daga Kano:
Malama yanzu na fita da fitilar waya na duba, na ga biyu masu ƙulli, ɗaya ma ya kusa buɗewa! Allah ya saka da alheri. To batun sauron fa, me zan ce masa?

Ɗalibin aikin gona daga Samaru:
Anti sauro a ganye hutawa kawai yake, a ruwan da ya kwanta yake haihuwa. In ruwan wanke-wanken nan yana taruwa a lungun to shi ne matsalar, ki buɗa masa hanya ya wuce, ita ma kabewar ba ta son gindinta ya zauna cikin ruwa balle mai omo. Ki rage tsofaffin ganyen ƙasa iska ta shiga, don ba sauro kaɗai ke son duhuwar nan ba, kin gane ai.
Abu biyu zan ƙara. Gyauro ba lallai ya yi kama da uwar da kika saya ba, don ƙudan zuma na iya kawo gari daga wata kabewar daban a gona, sai ki ga taki ta fito doguwa alhali kin sayi zagayayya. Da duma kam ba sa haɗuwa, masu cewa duma na ɓata kabewa ba haka ba ne. Sai dai in kin yanka ki ɗan lasa ɗanye kafin ki zuba a tukunya, in kika ji ɗaci sosai ki zubar gaba ɗaya, ɗacin nan dahuwa ba ta kashe shi kuma yana sa amai da gudawa. Ba kasafai ake samu ba amma ana samu.

Matashi daga Gusau:
Ni tawa akuyar gidanmu ce ta yanke hukunci. Dare ɗaya.

Mai sayar da kayan miya daga Funtuwa:
Hahaha Allah ya mayar da alheri ƙanina. Hajiya ni abin da ya fi cin min rai shi ne watan Agusta. Ɗa ya kama ya kai girman kan mutum kina murna, ranar da kika juya shi sai ki tarar ƙasan ya ruɓe ya yi ruwa saboda kwanciya a danshi. Yanzu da zarar ya fara girma nake sa masa guntun katako ko fasasshen tayil a ƙasa. Sannan akwai wani ɗan ƙuda da ke harbin ɗan tun yana ɗanye, za ki ga ɗigon ruwa kamar ƙaro a wurin, daga baya tsutsa ta cika ciki. Ni tsohuwar safa nake zura wa ƙananan ko in naɗe su da guntun gidan sauro, waɗanda aka riga aka harba kuma in tsinke in binne da nisa. Ƙwaron nan ja mai huda ganye toka nake barbaɗa masa da safe lokacin da raɓa ke kai. Kuma ki duba gaɓoɓin yaɗon, za ki ga suna fitar da saiwa inda suka taɓa ƙasa, ki rufa musu ƙasa da ɗan takin tumaki, ko gindin ya samu matsala sauran zai rayu. Kar ki ce za ki ciro ta ki dasa wani wuri yanzu, ba ta son a taɓa mata saiwa, yaɗon za ki ja ki nuna masa katanga.

Malamar makaranta daga Zariya:
Katanga kuma? Malam ka tuna min rigima. Tawa ta haura ta sauka gidan maƙwabta, can ta je ta haifi mafi girma a cikinsu, ni nan sai ƙanana. Yaran gidan suka ce tasu ce tunda a gidansu take, nawa suka ce gindi ai a namu yake. Uwarsu ce ta raba gardama, ta yanka ta aiko min da rabi, ni kuma na aika mata da taushen da na yi da yakuwa da gyaɗa da ƙashin rago.

Manomi daga Bichi:
Haka ake yi 'yata. Hajiya saura girbi, nan mutanen birni ke gaggawa. Daga tsiro zuwa nuna wata uku zuwa huɗu take ɗauka, taki da ta fito farkon damina sai wajen kaka. Ki bari sai karan da ke riƙe da ɗan ya bushe ya yi tauri, ki danna farce a ɓawon, in ya shiga to da saura. In za ki cire ki yanka da wuƙa ki bar guntun karan a jiki, wadda aka ɓalle wa kara ta nan take fara ruɓewa. Ki shanya ta kwana kaɗan sannan ki ajiye a inuwa inda iska ke shiga, ba a kan siminti mai sanyi ba, tana kai wa har cikin hunturu lafiya lau. Kuma in ta ɗauki 'ya'ya da yawa ki bar biyu ko uku a yaɗo ɗaya ki tsinke sauran, in ba haka ba duk ƙanana za ki samu.

Matashi daga Gusau:
Baba to wadda akuya ta cinye ganyen amma gindin na nan, za ta sake tohowa ko in haƙura sai baɗi?