Katun ya yi musu kaɗan: wane suna za mu ba waɗannan finafinan?

Jama'a, na ga amsoshinku, na gode. Ga wanda bai ga farkon zancen ba: mu 'yan ƙungiyar kallon fim ne a nan Jos, yawancinmu ɗaliban fim da waɗanda suka gama, kuma muna son buga sanarwa da Hausa ta wasu finafinai da za mu haska. Sunan da za mu kira su ne ya gagare mu. Ba mutane ke fitowa a cikinsu ba, zane ne ko 'yar tsana ko yumɓu. Ba Disney ke yin su ba, mutum ɗaya ne ko 'yan tsiraru za su kulle kansu a ɗaki shekara da shekaru. Kuma ba don yara ake yin su ba.

Ga misali, don mu san abin da muke raɗa wa suna. A 2019 wani Bafaranshe, Jérémy Clapin, ya yi fim a kan hannun da aka guntule. Hannun ya tsere daga ɗakin gwaje-gwaje a Faris, yana rarrafe da yatsu a kan rufin gidaje, yana faɗa da ɓeraye a hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa, duk don ya koma jikin mai shi. Da farko dariya za ka yi. Can sai ka tarar labarin maraici ake ba ka, kuma hannun nan kake tausayi. Da ɗan wasa na gaske aka yi shi, da ƙyama ce za ta hana ka kallo. Abin da ke jan mu ke nan: zane yana shiga inda kyamara ba ta shiga, cikin mafarki da tunanin da mutum bai iya furtawa.

Mafi yawanku kun ce a bar shi a katun kawai, kowa ya san shi. Shi ne ma matsalar. Bahaushe ya ji katun, mage da ɓera yake gani suna guje-guje. Mu rubuta haka, iyaye su turo mana yara.

Wasu suka ce to a ƙara, a ce katun na manya. Wata yayarmu ta amsa tun kafin in amsa: "Ƙanena, ka manna takarda a kasuwar Terminus ka rubuta fim ɗin manya, ka ga irin baƙin da za su zo maka." Wannan ya faɗi.

Zane mai motsi shi ne abin da 'yan jarida ke amfani da shi, kuma ba ni da ja a kansa in zane ake nufi. Amma rabin waɗannan finafinan ba zane ba ne. Akwai masu kafa 'yar tsana a gaban kyamara, su ɗauki hoto, su ɗan matsa hannunta kamar tsawon ƙwayar shinkafa, su sake ɗauka. Hoto 24 ke cika daƙiƙa ɗaya a fim, masu rangwanta wa kansu su yi 12. Da wannan wahalar Phil Tippett na Amurka ya kai kusan shekara 30 kafin ya kammala fim ɗinsa Mad God. Ba sai mun je nesa ba ma. Moustapha Alassane na Nijar, wanda ya rasu a 2015, tun 1966 ya zana kwaɗi suna mulki, shugabansu ya tafi ziyarar ƙasa, yana yi wa shugabannin lokacin shaguɓe. Daga baya ya yi wani da 'yan tsana, kwaɗi na kokawa a fage, sunan fim ɗin ma Kokoa. Wannan ina zane a cikinsa?

Sai rayarwa, wadda wani ɗalibi ya kawo. Ta zauna a baki, na so ta. Amma wani malami a cikinmu ya ja hankalinmu: "Yarana, kun manta hadisin masu yin surori, da za a ce su raya abin da suka ƙera?" Malam ya yi gaskiya. Sunan da zai jawo mana muhawara a ƙofar masallaci kafin a kunna fim, gara a bar shi.

Ni dai na tsaya a kan majigin almara, kuma wata baiwar Allah daga Unguwar Rogo ce ta fara kawo rabinsa. Majigi tsohuwar kalma ce tun zamanin da motar gwamnati ke zuwa gari a kafa farin ƙyalle a haska wa jama'a hotuna da dare, kuma ba ta bambance zane da 'yar tsana. Almara kuwa ta riga ta gaya wa mai zuwa cewa kada ya nemi abin da ya saba gani. Mu da muka tashi da labarin Ta-Kitse, matar da rana ta narkar, hannu mai tafiya ba zai ba mu tsoro ba.

Na san inda sunan ke yoyo. Fim ɗin da wani Ba'isra'ile, Ari Folman, ya yi a 2008 zane ne, amma yaƙin Lebanon na 1982 yake bayarwa, har da kisan kiyashin da aka yi wa Falasɗinawa a Sabra da Shatila. Wannan ba almara ba ne, kuma ba zan kira shi haka ba. Irinsa a bar shi a zane mai motsi.

Batun rashin kamfani a bayansu bai ba mu wahala ba, masu cin gashin kansu ya wadatar. Don haka sanarwar za ta fita kamar haka: "Daren majigin almara, daga masu cin gashin kansu. Ban da yara." Mai buga takardun ya ce mu kai masa ranar Laraba, wanda ke da gyara ya turo kafin nan.