"Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba": na faɗe ta a wurin aiki, an ce ban sa ta inda ya dace ba

Na Gidan Igwai:
Assalamu alaikum jama'a. Ina so ku warware min wani abu. Ni ka kula da kwamfutoci a wata ƙungiya nan cikin Sakkwato, muna amfani da Zoom, manhajar yin taro ta intanet, kuma ba kowa adda lasisin kuɗi ba don da dala ake biya kuma bisa kan mutum. Mun haɗa shi da Microsoft Entra ID, tsarin da ka tantance masu shiga, mutum shi shiga da imel da fasawod ɗinshi na aiki guda ɗaya, sai Entra ta aika ma Zoom bayaninshi ta SAML (hanyar aika bayanin mai shiga daga wani tsari zuwa wani), suna da sashe da rukunin da yake, Zoom ta duba rukunin ta ba shi lasisin kuɗi ko na kyauta. To wata 'yar'uwa anka maishe ta sashen horaswa, amma a rajistar ma'aikata ba a canza mata rukuni ba. Na ba ta lasisi da hannu ran Lahadi, ran Litinin ta sake shiga, tsarin ya duba rukuninta na da ya maishe ta na kyauta, tana tsakiyar taro da mutanen Wurno da Illela minti 40 na cika taron ya yanke, don iyakar na kyauta ke nan. Raina ya ɓaci ƙwarai don ita anka ga laihi. Na tahi wurin hajiyar da ka riƙe da rajistar na ce don Allah a gyara, sai ta ɗauka shisshigi nika yi ma aikinta, na ce Hajiya gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wani abokin aiki ya ce karin maganar ba ta hau ba. Mi kunka gani?

Baban Ikram:
Wa alaikumus salam. Ta hau mana. Asalinta ai mai kaya ne, ka ga mutum ya ɗoro buhunan albasa bisa jaki zai kai kasuwa, kayan sun karkace gefe guda, ka ce mai malam gyara kayanka. In mai zargi ne sai shi ɗauka kana so shi sauke ka samu rabo. Kai ba kujerarta kaka so ba, rajista kac ce a gyara. Shi ke nan.

Uwar Biyu:
Baban Ikram ni dai ina tare da abokin aikin nan, ku bari in faɗi dalili. A karin maganar mai ba da shawara ba shi da komai cikin kayan, wucewa yake yi, shi ya sa maganarshi take da tsabta. Shi kuwa ƙanena Na Gidan Igwai yana da hannu dumu-dumu, lasisin nan a ƙidaye suke, in guda 15 kunka saya to 15 ne, ranar da Hajiya ta gyara rajista ta sa wannan baiwar Allah a rukunin masu lasisi dole wani ya fita in babu rara. Ka ga a nan gyara kayanka ya zama sauke mu raba da gaske, ana sauke wa wani a ɗora wa wata. Wataƙila Hajiya ta hango haka, ta san wanda za a cire zai zo ofis ɗinta ne da ƙorafi ba naka ba.

Na Gidan Igwai:
Yaya wallahi ban kalle shi ta nan ba. Kuma gaskiya ne babu rara ko guda.

Ɗan Mabera:
Ni da "ƙwarya ta bi ƙwarya" zan yi amfani, mai shirya taro ya samu na kuɗi, mai shiga taron wasu kawai ya zauna da na kyauta, tunda shiga taro ba ya buƙatar lasisin kuɗi, mai kiran taron ne ake duba nashi.

Malam na Tudun Wada:
A'a ɗana, kada ka kai wagga wurin aiki. Cikon ta shi ne in ta bi akushi ta fashe, kuma inda munka saba jin ta wurin aure ne da zancen asali, a ce ma yaro tsaya ga tsaranka. Ka ce ma ma'aikaciya haka ka gaya mata ita ƙwarya ce wasu akussa, alhali maganar irin aiki ce ba daraja ba. Direkta ma in ba ya kiran taro da kanshi na kyauta ya ishe shi.

Batun ta farko kuwa, Uwar Biyu ta kawo hujja mai ƙarfi amma ban yarda da ita duka ba. Karin magana ba ta ce wanda yaf faɗa ba shi da ruwa da kayan ba, cewa tay yi niyyarshi ba rabo ba ce. Ɗan'uwanka da kuke tahiya tare da ayari ɗaya in kayanka sun zube shi ma ya tsaya, kuma duk da haka yana iya ce maka gyara. Inda nika ganin gyara shi ne wa ya kamata a faɗa mawa. Kai ma ɗana Na Gidan Igwai kayanka sun karkace, ka ba da lasisi da hannu alhali ka san tsarin bayan rajista yake bi.

Na Gidan Igwai:
Na karɓa Malam, Allah shi ƙara girma. A Zoom ɗin akwai daidaitawa iri biyu, ta farko galibi lokacin da anka buɗe ma mutum akawun take aiki, ta biyun kuwa duk shigar da yay yi sai ta sake dubawa, kuma ni da kaina na sa lasisi ƙarƙashin ta biyun. Gaggawa ta sa na manta.

Ɗan Mabera:
Tunda kun hana ni tawa bari in taimaka ta wani gefen. Ko Hajiya ta gyara ka duba mi Entra ke aikawa, sau da yawa ba sunan rukuni take turawa ba, doguwar lambar rukunin ce mai haruffa da lambobi, in kai suna ka rubuta a Zoom ba za su haɗu ba. Sannan mutum in rukunansa sun wuce 150 ba ta jero su cikin saƙon SAML. Kuma wanda ya bar aiki ba zai sake shiga ba balle tsarin ya karɓe lasisinsa, yana nan maƙale kuna biya, wannan sai da SCIM (hanyar da Entra ke buɗewa ko rufe akawun a Zoom ba sai mutum ya shiga ba) ko ka bi da hannu. Ka duba, ƙila rarar da kake nema tana wurin wani da ya tafi tun bara.

Uwar Biyu:
To in an samu a nan na janye rabin maganata, babu wanda za a sauke wa. Amma Malam har yanzu ina ganin ba a faɗa wa babba wannan karin maganar a gaban mutane, ko da ta hau. Ƙanena kai da ita kaɗai ne ko da wasu a ofis ɗin?

Na Gidan Igwai:
Da mutum biyu a wurin Yaya. Gobe in Allah ya kai mu zan fara duba jerin waɗanda sunka bar aiki, sannan in same ta ita kaɗai bayan azahar.