Dan Allah ku ba ni shawara kan tallafin Innarmu, na rasa inda zan sa kaina

Maman Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi min uzuri rubutun zai yi tsawo, kwana uku ina rubutawa ina gogewa. Maganar Innarmu ce. Ta haura sittin, ga hawan jini ga suga, kuma marayu huɗu ne a hannunta, 'ya'yan Yayanmu da ya rasu bara ana saura kwana tara ƙaramar sallah, hatsarin mota ya yi yana dawowa daga cin kasuwar ƙauye, Allah ya jiƙansa, shi ne komai na gidan, hatta maganinta duk ƙarshen wata shi yake saya bai taɓa bari ta buɗe baki ta tambaya ba. Matarsa ta fita takaba ta koma gidansu, bayan wata bakwai ta yi aure, mijin ya ce ba zai riƙe 'ya'yan wani ba, ni dai ban ga laifinta ba yarinya ce ƙarama. Gidan da Inna take ciki na gadon kakanmu ne har yau ba a raba ba, ƙanin babanmu ya zuba 'yan haya a ɗakunan waje guda biyu yana karɓar kuɗin shi kaɗai, in an yi magana ya ce ai shi ya sa kwano da kuɗinsa shekarar da ruwa ya kayar da katanga, alhali kowa ya san Yaya ne ya sayi siminti buhu goma sha biyu, rasit ɗin ma yana nan a akwatin Inna. Sau biyu ana zama kan maganar ana tashi da a yi haƙuri.

Ni ina aure a wata unguwar, maigidana adaidaita yake ja kuma ba nasa ba ne, tun da aka cire tallafin mai a 2023 in ya cire balas da kuɗin mai abin da ya rage bai kai ya kawo ba. Inna da tana suyar ƙosai a ƙofar gida, wake da man gyaɗa suka cinye jarin.

To wata biyar da suka wuce wani yaro a layinsu ya ce ana ɗaukar sunaye na tallafin dubu saba'in da biyar a ƙaramar hukuma, ya karɓi dubu uku kuɗin fom, da hoto da fotokwafin NIN ɗinta. Shiru shiru. Jiya ya dawo wai suna ya fito amma sai an ƙara dubu biyar na mutanen sama, kuma za a turo wata lamba ta waya a karanta masa. In ba shi? Ko akwai wata ƙofa da zan bi? Wallahi maganinta saura na kwana shida.

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Baiwar Allah kar ki ba shi ko sisi, kuma kar wanda ya karanta masa wata lamba. Na yi aikin wucin gadi lokacin ɗaukar sunayen nan, don haka abin da na gani nake faɗa miki. Babu wani fom da ake sayarwa. Rajistar masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasa ba mutum ke zuwa ya cike takarda ya shiga ba, tawaga ce ke zuwa unguwa ko ƙauye a tara jama'a, maza daban mata daban matasa daban, su da kansu su faɗi wane ne talaka a cikinsu, a haɗa sunayen a karanta a bainar jama'a, sannan a bi gida gida da na'ura ana tambaya, ɗaki nawa, me ake ci, yara nawa ke makaranta. Daga cikin wannan rajistar aka riƙa biyan dubu biyar a wata zamanin Buhari, ana haɗa na wata biyu a ba da dubu goma, har da kuɗin Abacha dala miliyan 322 da Suwizalan ta dawo da su aka zuba a ciki. Wanda aka ƙaddamar a Oktoba 2023 dubu ashirin da biyar ne sau uku, shi ne saba'in da biyar ɗin da yaron yake ja miki rai da shi, gidaje miliyan 15 aka ce za a bai wa. An dakatar a Janairu 2024 lokacin da aka dakatar da ministar harkokin jinƙai, da aka dawo sai aka ce dole a tantance kowa da NIN kuɗin ya shiga asusu kai tsaye. To ki gaya min ina mutanen sama za su shigo a nan? Kuma ki lura, lokacin da aka zagaya unguwarsu ɗanta na raye yana ci da ita, babu mai nuna gidanta a matsayin na mabuƙata, don haka da wuya sunanta na ciki tun asali. Ki tafi sakatariya da ƙafarki ki nemi sashen raya al'umma ki tambayi jami'in da ke kula da rajistar, amma ki fara bi ta wajen mai unguwa ya ba ki takarda.

Maman Ummi:
Malam na gode Allah ya saka. Amma yaron nan ba baƙo ba ne, a gabanmu aka haife shi, uwarsa ƙawar Inna ce tun suna amare, kuma akwai mata biyu a layin da suka ce ta hannunsa suka samu. Maganar mai unguwa kuma ba za ta yiwu ba.

Baban Khalifa:
Matan biyun nan sunansu na ciki dama, alat ya shigo ya ce aikinsa ne. Haka suke yi ko'ina. Me ya hana zuwa wajen mai unguwa?

Uwargida:
Hmm 'yar uwa ni wannan magana ta taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Lokacin rabon shinkafar rage raɗaɗi tun bayan asuba muka fita da katin zaɓe a hannu, har la'asar muna tsaye a rana, wata tsohuwa a gabana ta yanke jiki ta faɗi sai da aka yayyafa mata ruwa, ƙarshe mu goma sha biyu aka haɗa a buhu ɗaya ƙarami, da muka raba ko kwano biyu ban samu ba, kuɗin motar da na kashe ya kusa sayen abin. Washegari na ga irin buhunan da idona ana shiga da su gidan wani da motoci biyu a ƙofarsa. Tun daga ranar na yi rantsuwa ba ni ba layin gwamnati. Ki nemo mata jari ko dubu ashirin ne ta koma ƙosanta, ku shiga adashi, ya fi miki wannan wahalar.

Maman Ummi:
Anti likita ya hana ta zama gaban wuta, ƙafarta kumbura take yi. Kuma adashi ai sai da abin zubi.

Ɗan Tasha:
Duk wannan dogon bayanin na Baban Khalifa a takarda yake. A ƙasa lista a aljihun kansila take. Hajiya ki nemi kansilan mazaɓarku ko wani na jikin ciyaman, ki je da marayun nan huɗu ya gan su da idonsa, shi ke nan. Ni abin da ke ci min rai ma, ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye ba ta hannun gwamnoni ba, muka yi ta murna muka ce yanzu talaka zai ga canji a ƙofar gidansa. Je ki sakatariyarmu yau, ciyawa ta kai gwiwa, in ba ƙarshen wata ba ba ki samun kowa sai maigadi. Rijiyar burtsatsen unguwarmu shekara biyu da lalacewa, mu muke karo-karo muna sayen ruwa wajen 'yan garuwa.

Baban Khalifa:
Malam kana haɗa abu biyu. Rabon shinkafa da taki da atamfar sallah, eh wannan kansila na da hannu. Kuɗin tallafin waɗanda ke cikin rajista daga Abuja yake fita zuwa asusun mutum, kansila bai isa ya ƙara suna a daren nan ba. Kar ka tura baiwar Allah ta je ta zubar da mutuncin marayu a ƙofar gidan ɗan siyasa a banza.

Ɗan Tasha:
To wa ya nuna wa tawagar taku unguwar da za su shiga da wadda za su tsallake? Aljanu?

Anti Nas:
Ku bar gardamar nan dan Allah, magani saura na kwana shida ta ce. Maman Ummi ni a ƙaramin asibiti nake aiki. Akwai asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ake warewa, ana bi ta hukumar taimakekeniyar lafiya ta kowace jiha a yi wa marasa ƙarfi rajista kyauta, tsofaffi da masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da masu buƙata ta musamman. Tsarin shi ne asibiti ɗaya a kowace mazaɓa. Ki je na mazaɓarsu da safe ki nemi in-caji ki tambaya ko akwai gurbi, ki tafi da NIN ɗinta da katin asibitinta da kwalayen maganin da take sha. Ba zan ɓoye miki ba guraben kaɗan ne kuma wani lokacin maganin ya yanke, amma gwajin jini da na suga da maganin hawan jini na yau da kullum in ta shiga zai rage miki nauyi sosai. In cikin marayun akwai wanda bai kai biyar ba shi ma ki kai sunansa. Kuma kar ta daina shan maganin ko ta riƙa raba ƙwaya biyu don ya daɗe, mun sha ganin wanda hakan ya kai shi ga shanyewar ɓarin jiki. Wace jiha kike? Don sunan hukumar ya bambanta.

Maman Ummi:
Anti Nas Allah ya biya ki. Gaskiya rabawar take yi tun watan jiya, ban san illa ba ne. Amma Inna ba ta yarda da ƙaramin asibitin nan, tun da aka taɓa ba ta wani magani ya sa ta jiri ta ce ita sai kemis ɗin da Yaya yake saya mata. Kuma mai unguwar da ake ta cewa in je, surukin Baffan namu ne, 'yarsa yake aure, shi ne ya yi zaman nan biyu da na faɗa. In na je neman takardar shaidar talauci wajensa kafin magariba labari ya kai gidan Baffa, a ce mun fita bara da sunan zuri'a. Inna ta ce gara ta kwana da yunwa.

Malamin Islamiyya:
'Yar uwa Allah ya jiƙan mamaci ya raya abin da ya bari. Ni a ganina kin bar jaki kina dukan taiki. Kuna da haƙƙi a cikin gidan nan kuna neman dubu saba'in da biyar da za ta ƙare a wata guda. In mahaifinku na raye kakanku ya rasu, yana da kasonsa, a cikin kason nan Inna tana da tumuni wato kashi ɗaya cikin takwas, sannan abin da ya faɗo wa Yayanku Inna tana da sudusi a ciki wato ɗaya cikin shida, bazawararsa tana da tumuni, sauran na marayun ne. Kuɗin hayar da ake ci har da dukiyar maraya a ciki, kuma kin san abin da Allah ya ce kan masu cin ta. Ku kai kotun shari'a a raba, ba rashin kunya ba ne. Kafin nan ki rubuta takarda zuwa hukumar zakka in jiharku na da ita, Kano da Sakkwato da Zamfara duk akwai, ko kwamitin masallacin Juma'arsu, limamin zai iya tsaya mata ba sai an bi ta mai unguwa ba.

Maman Ummi:
Malam kotu da ƙanin uba? Ni mace, ƙannena maza biyu duk ba su kai ashirin ba, maigidana ya ce ba ruwansa da rigimar gidanmu. In an raba ma gidan sayarwa za a yi, kason namu ba zai sayi ko fili ba, Inna ta koma ina da yara huɗu? Ba wai ban yi tunanin nan ba ne.

Uwargida:
Wallahi kar ki shiga kotu, mu shekara huɗu muna zarya kan gonar babanmu, har yau ba a gaisawa da 'yan ɗakin kishiyar uwata.

Baban Khalifa:
Ku dawo kan magana. Baiwar Allah amsa min abu ɗaya, da wane layin waya aka yi mata NIN, kuma tana da asusun banki da sunanta?

Maman Ummi:
Da layin Yaya aka yi, wayar ta ɓace a wajen hatsarin. Asusu kuma ba ta da shi, yaron ya ce ba komai zai sa nasa in ya shigo ya ciro mata a POS.

Baban Khalifa:
Innalillahi. To kin gani. Ko da sunanta na ciki saƙon ba zai zo muku ba, layin da ya yi watanni ba a amfani da shi kamfani na iya sayar wa wani. Gobe ki kai ta ofishin NIN a canza lambar zuwa layin da ke hannunta, ki buɗe mata asusu da sunanta ita, ki kuma karɓo fotokwafin nan daga hannun yaron. Mutum na riƙe da NIN ɗin tsohuwa yana neman lambar sirri, bashi zai iya ci da sunanta a manhajojin nan na waya.

Ɗan Tasha:
Canza lamba ma ai kuɗi ne da layi na kwana da kwanaki. Hajiya ki ji tawa, kansila.

Maman Ummi:
Na ji duka kuma na gode. Amma dai ba na jin yaron zai yi mana haka, ranar rasuwar Yaya shi ya kwana yana shirya rumfa. In na je karɓar takardar kamar na ce masa ɓarawo ne, uwarsa kuma ita ke leƙa Inna kullum in ba na nan. Ɗazu ya kira na ce masa dubu biyu ce a hannuna, ya ce in kawo zai cika sauran zuwa Juma'a. Lambar dai ban ba shi ba don ba ta shigo ba ma. Anti Nas in-cajin yana zama ranar Asabar? Don ranar ce kawai maigidan ke barina fita da wuri.

Anti Nas:
Ya danganta da wurin, wasu sai Litinin. Har yanzu ba ki faɗi jihar ba.