Wai jami'a ita kaɗai ba za ta iya harba ƙaramin tauraron ɗan adam ba?

Ɗan aji biyu:
Salam jama'a. Don Allah masana a taimaka min, na ji ana cewa yanzu ɗalibai na haɗa tauraron ɗan adam da hannunsu, CubeSat ake ce masa, wai santimita 10 ne ta kowane gefe. To in dai ɗalibai za su iya, me ya kawo gwamnati da kamfanoni cikin lamarin kuma? Ko dai shiga hoto ne kawai?

Tsohon injiniya:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ai haɗawar ita ce mai sauƙin. Shi kansa CubeSat ɗin malaman jami'a biyu ne suka fito da tsarinsa a 1999 a Amurka, Jordi Puig-Suari na Cal Poly da Bob Twiggs na Stanford, don ɗalibi ya samu abin da zai fara ya gama kafin ya bar makaranta, kuma na farko sai 2003 suka tashi, a rokar Rasha. Ka ga wurin da gizo ke saƙa kenan, jami'a ba ta da roka. Sannan tauraron dole ya yi magana da ƙasa ta rediyo, kuma hukumar ITU da ke daidaita mitar rediyo da gwamnatoci take hulɗa, shugaban sashe ba zai rubuta mata wasiƙa ta saurare shi ba. Ga yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1972 da ta ce in abin ya yi ɓarna ƙasar da ta harba ce da biyan diyya. To ta yaya za ka cire gwamnati?

Mai gyaran rediyo:
Yallaɓai duk na yarda amma ni fa matsalar da na fi gani daban ce, yara su sha wahala shekara biyu uku suna sodar waya suna gwajin batir suna girgiza abin a inji don a tabbatar ba zai warware a cikin roka ba, a harba a yi tafi, shikenan su gama digiri kowa ya kama gabansa, wanda ya san inda matsalar eriya take ya tafi da abinsa a ka, sabbin zuwa su sake daga farko. Nan ne amfanin kamfani. Dubi Jami'ar Surrey ta Ingila, sun harba UoSAT-1 a 1981, a 1985 suka buɗe kamfanin SSTL, mutanen suka zauna aka ci gaba da ƙerawa ana sayarwa. Su suka yi NigeriaSat-1 na 2003, kuma a wurinsu injiniyoyin Najeriya suka haɗa NigeriaSat-X da ya tashi a 2011. Gwamnati in ta zama mai saye da gaske ta fi amfani da ta ba da tallafi sau ɗaya ta manta.

Malama a sashen lissafi:
Kar dai a raina na koyon. Shirin BIRDS na jami'ar Kyutech a Japan ya tara ɗaliban Ghana, Najeriya, Mongoliya da Bangladash, 2017 rokar kamfanin SpaceX ta kai taurarinsu tashar sararin samaniya, hukumar sararin samaniyar Japan, JAXA, ta sako su daga Kibo, ɓangaren Japan na tashar. Jami'a, kamfani, gwamnati, kowa da nasa. Kenya ma daga Kibo aka sako nata a 2018.

Ɗan aji biyu:
Na gode ƙwarai. Malama to waɗanda suka koyo ɗin, da suka koma gida sun samu ɗakin gwaji kuwa?

Mai gyaran rediyo:
Yauwa, ka zo inda nake. Wannan tambayar gwamnatocinsu za ka yi wa, ba malama ba.